Naɗin Gwaggo Kulu

Alhamis, 8 ga Agusta, 2024

Kwana biyu ke nan da na sauka. Namiji. Ina gidanmu a bayan Zakirai, a ɗakin Inna, tunda haihuwar fari ce a gida za a yi wanka. Na tsinci ragowar littafin makaranta a ƙasan akwati, shi nake rubutu a ciki, don in ban faɗa wa takarda ba ban san wanda zan faɗa wa ba.

Gwaggo Kulu, yayar Baba, ita ta zo yi min wankan jego. Ta baro gonar gyaɗarta ciyawa na ci. Safe da yamma tana tafasa ruwa a garwa, ta fyaɗa min da ganyen darbejiya har sai na ji fatata za ta saɓule. Wannan bai dame ni ba, jikina ne.

Yaron ne damuwata. In ta gama yi masa wanka sai ta miƙar da hannuwansa, ta naɗe shi da zani tam, ta ƙara na biyu, ta ƙara na uku, ta kawo shawul, ta kawo hular ulu har gira. Sannan ta kifa shi ruf da ciki a kan gadon ƙasa, can jikin bango, inda ɗumin garwashin da ake zuba min a ƙasan gadon ya fi taruwa. Ta ce haka jariri ke barci mai nauyi, cibiya kuma ta kwanta.

Ni kuwa wata huɗu ina zuwa awo. Malama Furera ta asibitin garinmu ba ta taɓa sallamar mu ba sai ta maimaita: a kwantar da jariri rigingine, a shimfiɗa mai tauri, zani ɗaya mara nauyi, daga kafaɗa zuwa ƙasa, fuska a buɗe, ban da hayaƙi, ban da zafi. Ta ce jariri ba ya iya ɗaga kai ya nemi iska. Har dariya muke mata don yawan maimaici. Yanzu dariyar ta koma ciki.

Asabar, 10 ga Agusta

Me zai hana in faɗa? Ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta da baki a kan ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban manya sai an miƙo mata, ko nono za ta ba shi sai ta kau da kai kamar an sa ta dole. In ya yi kuka ki yi kamar na maƙwabta ne. Haka aka yi wa kowa, haka na ga yayyena mata sun yi, har ina tsokanar su.

Jiya na ɗan miƙa wuya ina leƙen fuskarsa, Gwaggo ta kama ni. Ta ce, "A'a, Sakinatu, tun yanzu? Ba guduwa zai yi ba." Matan da suka zo barka suka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lahadi, 11 ga Agusta

Na samo dabara. Duk lokacin da Gwaggo ta fita hura wuta, sai in lallaɓa in warware zani biyu, in cire hular, in juya shi rigingine, in janyo shi daga bango. Ƙeyarsa sharkaf da gumi. In na ji takunta in koma gefe in rufe ido.

Ban samu barcin kirki ba tun ranar Talata. Ido ɗaya a kansa, kunne ɗaya a bakin ƙofa.

Laraba, 14 ga Agusta

Jiya suna. Ba rago, tunkiya ce ƙarama, ita ma da ƙyar. Bana kowa ya san halin da ake ciki, ba wanda ya yi gori. An raɗa masa suna mai daɗi. Ko a nan hannuna ya ƙi rubuta shi, dubi yadda abin ya shiga jinina.

Dabarata ta juye a kaina. Gwaggo ta shigo ta tarar da shi a warware, ta tsaya ta riƙe haɓa. Na sha jinin jikina, na ce yau asirina ya tonu. Ashe ko kusa. Sai ta hau yi masa kirari, wai wannan mijin nata ƙarfi gare shi kamar kakansa, kwana bakwai har ya iya kwance ɗauri ya juya da kansa. Ta faɗa wa duk wanda ya shigo. Yanzu bayan zani ukun ta ƙara ɗankwali, tana ɗaure shi ta ciki, ƙulli biyu, ta kuma tokare shi da matashi ta kowane gefe don kar ya juya.

Ni na jawo masa. Da ban taɓa ba da ɗankwalin bai zo ba.

Na roƙi Luba ƙawata, da ta zo suna, ta yi maganar kamar a kan nata ɗan. Ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata. Gwaggo ta saurara har ƙarshe tana tsinke zogale, sannan ta ce, "Ita malamar taku 'ya'ya nawa ta raina?" Luba ta ce ba ta sani ba. Gwaggo ta ce, "To." Magana ta mutu a nan.

Juma'a, 16 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Ɗaki na yoyo ta kusurwa biyu. Na gaji.

Litinin, 19 ga Agusta

Na kira Muntaka, mijina, a wayar Inna, na shige bayan rumbu ina magana ƙasa-ƙasa kamar ɓarauniya. Na zayyana masa komai. Sai ya ce, "To ni da wane bakin? Ni ma fa ɗan farina ne. Kuma in zo gidan surukai in koya wa yayar Baba raino?" Ya ce in yi haƙuri, saura kwana nawa ne. Saura kwana nawa! Shi da yake barcinsa har da minshari. Na kashe wayar ban yi masa sallama ba, Allah na tuba.

Da yamma na gwada Inna. Ban ce yaron ba, cewa na yi ɗakin ya cika zafi. Inna ba yarinya ba ce, ta gane. Ta ce, "Gwaggonki ta wanke jegon mata sun fi ashirin a dangin nan. Ke ma ita ta naɗe ki, ga ki." Sannan ta rage murya ta ce, "Kar ki ja min magana da dangin ubanki, don Allah."

To wa ya rage? Baba? Shi da ko ɗakin ba ya leƙowa.

Alhamis, 22 ga Agusta

Abin da ya fi ɗaure min baki ba kunyar ba ce kaɗai, in zan faɗi gaskiya. Matar nan wahala take sha a kaina. Itace ya zama abin nema, karan bara ya ƙare, wanda ya rage ya jiƙe. Ita ke zagaya bayan gari da tsufanta tana tsinto ƙirare, ta dawo ƙafa duk taɓo. Rumbu ya kusa kai ƙasa, gero bai nuna ba, tuwo sau ɗaya ake yi. Na lura tana rage nata ta tura min, ta ce wai ita kwaɗon rama ya fi mata daɗi. Ƙarya ce. Kunun kanwa kuwa ko gari ya yi ƙaranci sai ta dama min.

Yau na gan ta zaune bakin murhu tana matsa gwiwarta, ta ɗauka ba mai kallo. Mutumin da ke yi miki haka, ta yaya za ki buɗe baki ki ce ba ki iya ba?

Wuyansa da bayansa sun feso da ƙananan ƙuraje. Ta ce na jarirai ne, za su baje. Ƙullin ɗankwalin nan ba ya kwantuwa da sauri, sau biyu ta kusa kama ni. Yanzu sai dai in zura yatsa in ɗan kautar da fuskarsa daga katifa. Ina ƙirga numfashinsa har in manta ko na ci abinci.

Asabar, 24 ga Agusta

Jiya. Bari in rubuta yadda ya faru.

Bayan an sauko daga masallaci hadari ya haɗo, aka kece da ruwa da iska mai sanyi. Gwaggo ta ce sanyi zai kama maijego da jariri. Ta ƙara garwashi a ƙasan gado, ta shigo da kaskon gawayi, ta ja ƙofa, ta toshe tagar da tsumma. Na ce a raina zan zauna in tsare. Ban san lokacin da barci ya sace ni ba. Kwana goma sha bakwai ina bin sa bashi, ya zo ya karɓa a ranar da bai kamata ba.

Ciwon kai ne ya tashe ni, kamar ana sara min goshi. Ɗakin ya yi dumɗum. Gwaggo ba ta ciki, ta tafi madafa. Na juya na gan shi a kife, shawul ɗin ya zamo ya rufe masa rabin kai, hancinsa ya nutse a katifa. Na ɗago shi. Jikinsa zafi rau, fuskarsa ta yi jawur, ya saki kamar tsumma. Na sa masa nono bai kama ba. Na girgiza ƙafarsa bai motsa ba.

Daga nan ban san ni ba ce. Na banke ƙofa na fito tsakar gida da ɗaurin ƙirji, ba mayafi, ruwa na dukana. Na tsaya a ƙarƙashin rumfa ina yagar ƙullin nan da haƙori. Ina ta kiran sunansa da ƙarfi, Khalilu, Khalilu. Baba da baƙinsa biyu da ruwa ya tare a zaure duk suka fito. Na zubar da zannuwan a taɓo ɗaya bayan ɗaya, na bar shi tsirara, iska ta buge shi. Ya yi wata irin ajiyar zuciya, ya yamutsa fuska, sannan ya tsala kuka. Ban taɓa jin abu mai daɗin kukan nan ba.

Gwaggo ta taho da gudu ta miƙo hannu za ta karɓe shi, tana cewa sanyi, sanyi. Na janye. Na ce mata, gaban Baba, gaban baƙi, gaban Inna, "Kar ki taɓa min ɗa. Kashe min shi za ki yi?"

Na faɗa. Ba wanda ya sa ni. Ta tsaya hannuwanta a miƙe, ruwa na zuba a kansu, sannan ta sauke su a hankali ta koma madafa.

Lahadi, 25 ga Agusta

Ruwan na tsagaitawa a ranar, yayana Tasi'u ya ɗauke mu a babur zuwa asibiti. Maijego a waje kafin arba'in, wani abin maganar ke nan. Oho.

Malama Furera ta duba shi ciki da waje, ta sa na ba shi nono a gabanta har ya ƙoshi, ta riƙe mu sai da magariba ta kusa. Ta ce zafi ne da rashin iska, Allah ya taƙaita. Ta ce ko mu manya gawayi a rufaffen ɗaki yana iya kwantar da mu. Na tambaye ta abin da tsofaffi ke tsoro, wai in yana rigingine tumbuɗi zai shaƙe shi. Ta ce lafiyayyen jariri yana haɗiyewa ko ya tofar, kifawar ce ta fi haɗari. Ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi, da na fi jin sauƙi.

Laraba, 28 ga Agusta

Labari ya gama unguwa. Ba labarin yaron da ya kusa tafiya ba, a'a, labarin Sakinatu marar kunya, wadda ta kira sunan ɗan fari gaban ubanta, ta zagi gwaggonta. Wai boko ne. Safara'u matar maƙwabcinmu ta shigo musamman don ta gan ni, ta ce, "Ina uwar Khalilu?" tana wani murmushi. Na ce ga ni.

Baba kuwa, da safe na gaishe shi ya amsa yana kallon buta.

Yanzu komai yadda nake so ake yi. An kwashe garwashin ƙasan gado, kasko ya koma madafa, taga a buɗe. Na shimfiɗa masa 'yar katifarsa a gefena cikin gidan sauro, zani ɗaya, rigingine. Ƙurajen sun fara bushewa. Na ci nasara ke nan, ko? To me ya sa nake jin kamar an yi min mutuwa?

Gwaggo ba ta tafi ba. Na zaci za ta haɗa kayanta, ba ta yi ba. Tana tafasa ruwa, tana yi min wanka, tana dama kunu. Sai dai ba ta magana, kuma ba ta taɓa shi. Ko kallon inda yake ba ta yi. In ya yi kuka ta tashi ta fita. Wankansa, wankin tsummansa, jijjiga, duk ni. Inna na so ta taimaka, tana tsoron kar a ce ta goyi bayana.

Asabar, 31 ga Agusta

Na durƙusa na ba ta haƙuri bayan wankan safe. Na ce kalmar da na faɗa ba ta dace ba, ta yafe min. Ban ce na yi kuskuren kwance shi ba, don ban yi ba.

Ta ce, "Na yafe. Ɗanki ne ai."

Da ta mare ni da ya fi.

Bayana kamar zai ɓalle. Jiya na tsinci kaina ina gyangyaɗi a zaune da shi a hannu, na farka a firgice. Wannan ma Malama ta hana. Ban san yadda mutum ɗaya zai yi ba.

Talata, 3 ga Satumba

Inna ta zauna tana tsefe min kai, Gwaggo ta tafi neman ƙirare. Ba tare da na tambaya ba ta ce, "Kin san Gwaggonki ta taɓa haihuwa?" Ban sani ba. Duk tasowata na ɗauka Allah bai ba ta ba.

Ɗaya ta haifa, namiji, tun kafin a auro Inna. Kwanansa ashirin da wani abu. Ta shimfiɗa shi rigingine ta fita shanya, ta dawo ta tarar da shi ba rai, da ɗan nono a gefen bakinsa. Ba wanda ya san abin da ya faru, ba asibiti a lokacin. Tsofaffi suka ce tumbuɗi ne ya shaƙe shi, da ta kifa shi da bai mutu ba. Kuma da yake ɗan fari ne, ko kuka ba a bar ta ta yi a fili ba. Daga shi ba ta sake samu ba. Tun daga ranar duk jaririn da ya shigo hannunta kifa shi take yi, ta naɗe shi tam.

Inna ta ce, "Ba don in sa ki jin kunya na faɗa miki ba. Don ki san wadda kika ce wa za ta kashe ɗa."

Na kasa cin tuwo. Har yanzu ina nan a kan bakana, rigingine za a kwantar da shi, ko duniya za ta taru. Amma wayyo, bakin nan nawa.

Alhamis, 5 ga Satumba

An yanko tumun gero na farko daga gonar Baba, gida ya ɗan yi ƙamshi.

Bayan azahar Khalilu ya ƙi yin shiru, ni kuma jiri nake gani. Gwaggo na zaune a bakin ƙofa tana gyaran wake. Ban shirya ba, ban yi tunani ba. Na tashi na ɗora mata shi a cinya, a kan waken, na ajiye zani ɗaya a gefenta. Na ce, "Gwaggo, na gaji." Shi ke nan abin da na ce.

Ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta ture farantin. Ta shimfiɗa zanin ta naɗe shi, naɗinta mai kyau wanda ni har yau ban iya ba, amma ta tsaya a kafaɗa, ta zura yatsu biyu ta ƙirjinsa ta sassauta. Ya yi tsit. Ta kai shi kan katifarsa. Na ga hannunta ya fara juya shi yadda ya saba, ya tsaya a hanya. Ta kwantar da shi rigingine.

Ba ta koma kan wakenta ba. Ta janyo kujera 'yar tsugunno ta zauna dab da kansa, ta naɗe gefen ɗankwalinta a yatsa, ta kafa wa bakinsa ido. Leɓɓanta na motsi.

Na ce a raina zan kwanta in riƙa kallonsu ta wutsiyar ido, don ban ce na sakankance ba. Kiran la'asar ne ya tashe ni. Tana nan inda na bar ta, ko gyara zama ba ta yi ba, kaji sun gama da waken.

Ba ta juyo ba ta ce, "Sau biyu ya yi tumbuɗi. Ya tofar da kansa." Sannan ta ce, "Koma ki ƙara, ina nan."

Na koma.